Wace Takarda Ce Za Ta Iya Ɗaukar Hotonka?

Akwai wani hoto da na ɗauka bayan faɗuwar rana: dattijo ne zaune a bakin ƙofa, fitila guda tana haska rabin fuskarsa, sauran wurin duk duhu. A allon kwamfuta kana iya ƙirga layukan goshinsa har ta ɓangaren da hasken bai kai sosai ba. Na kai shi wurin wanki, na ce a ba ni takardar da ta fi kowace tsada, ta auduga zalla, mai kauri, mai ɗan kaushi, irin wadda in ka shafa ta da bayan yatsa za ka ji kamar sabon yadi. Da aka miƙo mini sai na tarar rabin fuskar dattijon ta ɓace. Inda nake ganin kunci da kunne da ninkin riga, babu komai sai wani baƙi mai toka-toka, a shafe, kamar an goga gawayi a bango. Na so in yi faɗa, amma babu wanda zan yi da shi. Inji ya yi aikinsa, takarda ma ta yi nata. Ni ne na ɗora mata kayan da ba nata ba.

Tun daga ranar na daina tambayar wace takarda ce ta fi kyau, don tambayar ba ta da amsa sai an ga hoton tukuna. Allon waya ko na kwamfuta fitila ne, daga cikinsa haske yake fitowa. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, na ɗaki take ara ta mayar wa ido. Firintar da ake wannan aiki da ita ba ta da farar tawada, saboda haka duk inda ka ga fari a hoto, takardar ce tsirara. Duk inda ka ga baƙi, iyakar hasken da tawada da takarda suka iya haɗiyewa ke nan. A tsakanin wannan fari da wannan baƙi hotonka zai zauna, ko dai ya sami wurin miƙe ƙafa ko ya takure.

Masu sana'ar suna da ma'aunin zurfin baƙi. Takardar auduga marar sheƙi takan tsaya a wajen 1.6 zuwa 1.7, mai sheƙi kuwa takan kai 2.2 har ta wuce. In ka kalli lambobin sai ka ce ai kusa suke, amma ma'aunin na ninki ne: duk ƙarin 1 cikakke, ninki 10 ne. A 1.6, baƙin yana dawo da kimanin kashi 2.5 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, a 2.3 kuwa rabin kashi 1 ne kacal. Wato a takarda ta farko fari ya fi baƙi haske kamar sau 40, a ta biyu kamar sau 200, alhali allo mai kyau yana kai wa sau 1,000. Dalilin a fili yake. Fuska mai kaushi tana watsa haske ta ko'ina, dole wani ya shiga idonka ko daga wurin da ya kamata ya zama baƙi ƙirin. Fuska mai santsi tana jefa shi gefe guda, in ka kauce wa ƙyallin sai baƙin ya yi zurfi. Hoton dattijona kusan dukkansa a cikin duhu yake zaune, hawa-hawa, baƙi kan baƙi, ni kuma na kai shi inda babu wurin jera waɗannan hawa.

Shahararren mai ɗaukar hoton nan na Amurka, Ansel Adams, wanda kiɗan fiyano ya fara koya kafin ya koma ga kyamara, yakan kwatanta nagatif, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga gare shi, da rubutaccen kiɗa, wankin hoto kuma da kaɗa shi a gaban jama'a. Ba faɗa kawai ya yi ba. Hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez na Amurka, wanda ya ɗauka a 1941, ya wanke shi sama da sau 1,300 a tsawon rayuwarsa, kuma in an jera na farko-farko da na ƙarshe za a ga sararin samaniyar tana ƙara duhu da tafiyar shekaru. Nagatif ɗaya ne, abin da ido yake gani ne ya bambanta.

Abin da ke cikin takardar

Takardar hoto ba abu guda ba ce. Akwai jikinta, akwai shafen da aka yi mata a sama don ya kama tawada, sannan akwai yanayin fuskarta. Jikin shi ne yake yanke tsawon ranta. Ka taɓa barin jarida a inda rana take bugawa, bayan 'yan kwanaki ka ga ta koma ruwan ɗorawa, ta yi ƙamas? Liginin ne ya jawo, wato danƙon da yake riƙe zaren itace, wanda ba a cire shi a takarda mai araha. Shi da asid su ne manyan abokan gaban takarda. Zaren auduga kusan selulos ne tsantsa, ba shi da wannan matsala, shi ya sa ake ji da shi tun zamanin da ake yin takarda da tsummokara. Tsofaffin gidajen da ke yin ta har yanzu suna nan: Arches a Faransa tun 1492, Canson tun 1557, Hahnemühle a Jamus tun 1584. Sun yi ƙarnoni suna yi wa masu zane da masu ɗab'i takarda kafin a san za a yi wani abu wai shi hoto.

Sai dai a nan akwai wani camfi da ya kamata a rage masa ƙarfi, cewa in ba auduga ba ce to ba ta ƙarko. Takardar itacen da aka tace, aka fitar da liginin da asid, ita ma tana daɗewa ƙwarai. Ƙa'idar ISO 9706 ta takarda mai ɗorewa ba ta ce sai auduga ba; abin da take nema shi ne kada takardar ta kasance mai asid, kuma a sa mata aƙalla kashi 2 cikin 100 na sinadarin alli don ya riƙa kashe asid ɗin da za ta shaƙa daga iska. Bambancin auduga da tatacciyar itace ya fi fitowa a hannu: taushi, da yadda take lanƙwasa, da yadda take kwanciya. In hoton a bayan gilashi zai ƙare, kuɗin wannan taushin ka biya ba tare da kowa zai taɓa jin sa ba. Akwai kuma ta gora, da ta Japan da ake yi da ɓawon wata bishiya mai suna kozo, irin ta gidan Awagami, wadda wata takan yi sirantakar da haske ke ratsa ta. Ita wannan ba kowane hoto take karɓa ba, amma in ta karɓa sai ka rasa gane ko hoto ne ko zanen hannu.

Nauyi kuwa da giram ake auna shi a kan murabba'in mita. Takardar ofis 80 ce, ta hoton fasaha takan kama daga 190 zuwa sama da 300. Sananniyar Photo Rag ta Hahnemühle, alal misali, 308 ce. Nauyi ba ya ƙara wa hoto kyau, yana dai hana babban hoto karyewa a hannu ko yin kumburi a cikin firem.

Farin ma iri-iri ne, kuma nan ne ake yawan cin mutane da ido. In an ajiye maka takardu biyu, ɗaya fara tas har tana ɗaukar ido, ɗaya mai ɗan ruwan madara, hannunka ga ta farko zai tafi. Sau da yawa wannan farin na aro ne. Ana sa wa takardar wani sinadari, irin wanda ake sa wa garin sabulun wanki, da ke haɗiye hasken ultrabayolet wanda ido ba ya gani, ya fitar da shi a matsayin shuɗi-shuɗi, sai ido ya ɗauka fari ne. Aikin bula dai yake yi. Matsalarsa biyu ce. Yana gajiya da tafiyar shekaru, takardar ta koma launinta na asali, alhali an daidaita launukan hoton ne a kan wancan farin. Sannan in ka sa hoton a bayan gilashin da ke tare ultrabayolet, ko a ɗakin da fitilarsa ba ta fitar da shi, to tun ranar farko sinadarin ya zama ɗan kallo. In kana son ka gane, haska takardar a cikin duhu da irin ƙaramar tocilan da ake duba jabun kuɗi da ita: mai sinadarin za ta yi walƙiya shuɗiya, marar shi za ta yi shiru. Ban ce a guje ta ɗungurungum ba. Hoton dusar ƙanƙara ko na farin gini a tsakar rana yakan so wannan sanyin farin. Amma fatar mutum, kowace iri ce, ta fi samun rai a takarda mai ɗan ɗumi, kuma hoton da za a sayar wa wanda zai ajiye shi shekara 30 gara a yi shi a farin da ba zai sauya magana ba.

To, ina takarda marar sheƙi take da amfani, tunda ta ci mini dattijo? A wurare da yawa. Ba ta ƙyalli, ta kowace kusurwa ka tsaya za ka ga hoton, ba fitilar ɗaki ko inuwar kanka ba. Hoton hazo, da na safiya kafin rana ta yi ƙarfi, da fuskar da haske mai laushi ya lulluɓe, da duk abin da launukansa ba sa ihu, a kanta suke zama daram. Tawadar takan shige ta har ka ga kamar a jikinta aka haifi hoton. Sai dai tana da zuciya. In farcenka ya gogi wurin da yake baƙi, zai bar wani layi mai sheƙi da ba ya goguwa har abada. Kuma kafin a sa ta a inji sai an share fuskarta da buroshi mai laushi, in ba haka ba ɓurɓushin audugar da ke kwance a kai zai sha tawada, daga baya ya faɗi, ya bar maka fararen ɗige-ɗige a tsakiyar baƙi kamar an watsa gishiri. Mai kaushi sosai kuma, irin ta masu zanen ruwa, babban hoto take so. Ka sa mata ƙaramar fuska, sai mutum ya fito kamar mai zanzana.

A ɗaya gefen akwai katin da kowa ya sani, wanda ake wanke hotunan yau da kullum a kansa: takarda ce aka rufe ta gaba da baya da siririyar leda. Tana da araha, tana fitar da launi rangaɗau, tana jure hannu. Aibinta shi ne ido yana ganin ledar, hannu ma yana jin ta. Tsakanin waɗannan biyu ne barayta take. Asalinta daga ɗakin duhu ne, inda ake shafa wa takarda farin sinadarin bariyam kafin a ɗora mata abin da ke kama haske, don ta yi fari da santsi ba tare da leda ba. Daga baya aka yi irinta don firinta. Tana da jikin takarda na gaske, da sheƙi mai kunya wanda ba ya kai na madubi, ga kuma baƙi mai zurfi. A kanta na sake wanke dattijon, bayan na ɗan buɗe wuraren duhun a kwamfuta, sai ga kunne ya dawo, ga ninkin riga, har da wani zare da ya zazzago a wuyan rigar wanda ni kaina ban lura da shi ba ranar da na ɗauka. In mutum bai san inda zai fara ba, musamman a hoton baƙi da fari, ni dai nan nake cewa ya fara.

Tawada, da sunan da aka raɗa mata

Yawancin hotunan fasaha na yau da firinta mai fesa tawada ake yin su. Abin ya samo asali ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da wasu suka lura cewa injin Iris, wanda aka ƙera don gwajin launi a maɗaba'a, yana iya buga hoto a kan takardar masu zane. Mawaƙin nan Graham Nash ya sayi guda, aka buɗe gidan buga hotuna na Nash Editions a Kalifoniya a 1991. Wani ma'aikacin wurin, Jack Duganne, ya ga cewa babu mai son biyan kuɗi mai yawa a kan abin da aka ce masa daga firintar kwamfuta ya fito, sai ya aro kalma daga Faransanci mai nufin fesawa, ya raɗa masa giclée, ana furta ta kamar jikile. Sunan ya bi duniya. Amma suna ne kawai, babu wata hukuma da ta ce ga sharaɗin da za a cika kafin a yi amfani da shi. In an ce maka hoto jikile ne, ba a gaya maka komai ba tukuna. Tambayi wace tawada, wace takarda.

Tawada iri biyu ce. Ta rini narkewa take yi a ruwa kamar gishiri, launinta yana da kaifi, amma haske da iska suna cin ta da wuri. Injinan Iris na farko da ita suke aiki, kuma hotuna da dama na wancan lokaci sun koɗe. Ta gari kuwa ƙananan ƙwayoyin launi ne da ke yawo a cikin ruwan ba tare da sun narke ba, kowace ƙwaya kamar ɗan dutse, haske sai ya daɗe yana gugar bayanta kafin ya kai ciki. Tun da kamfanin Epson ya fito da tawadarsa ta gari mai suna UltraChrome a 2002, Canon da HP suka biyo da nasu, ta gari ce ta zama abin da ake nufi in an ce wanki mai ƙarko. Irin waɗannan injina sukan ɗauki tawada 8 zuwa 12, a ciki har da toka-toka hawa biyu ko uku, waɗanda su ne ke sa hoton baƙi da fari ya fito ba tare da ya karkata zuwa kore ko ja ba. Baƙar tawadar ma biyu ce, ɗaya ta takarda mai sheƙi, ɗaya ta marar sheƙi. A yi kuskuren musanya su, ko dai baƙin ya fito a gajiye ko ya riƙa gogewa a hannu.

Tawadar gari tana da nata halin a takarda mai sheƙi, tunda a sama take kwanciya. Karkata hoton ka kalle shi ta gefe: wani lokaci za ka ga wuraren duhu suna ƙyallin tagulla, ko ka ga inda tawada ta yi yawa ya fi inda babu ita sheƙi. Sababbin injina sun rage wannan da wani ruwa marar launi da suke bi da shi a kai. Duk da haka a duba, kuma a duba a hasken rana da na fitila duka biyu, don akwai launin da yake daidai a taga ya sauya fuska da dare.

Hanyoyin da ba na fesawa ba

Wankin sinadari na launi, wanda ake kira nau'in C tun daga wata takardar Kodak ta shekarun 1950, bai mutu ba. Yanzu injina irin su Lambda da LightJet suna haska hoton dijital a kan takardar da lesa, sannan a bi da ita ta cikin ruwan magani. Babu ɗigon tawada ko ɗaya. Launin a cikin hawa uku na jelatin, wani danƙo da ke shafe a fuskar takardar, yake haihuwa, shi ya sa sararin sama ko fatar jiki suke fitowa sumul. Rauninsa shi ne rini ne, kuma yana sauyawa a haske, yana sauyawa ko a cikin akwati. Wannan bai hana shi daraja ba: hoton kogin Rhine na Bajamushen nan Andreas Gursky da aka yi gwanjonsa a Christie's a 2011 kan dala miliyan 4.3 irin wannan wanki ne, an manne fuskarsa da gilashin roba. Wannan mannewar tana ƙara wa launi zurfi sosai, sai dai aure ne da babu saki. In gilashin ya karce, hoton ne ya karce.

Ga baƙi da fari kuwa, har gobe akwai masu cewa babu kamar azurfa da jelatin, wato wankin ɗakin duhu na asali. Hoton ƙwayoyin azurfa ne a cikin jelatin, kuma in an yi shi a takardar barayta, aka ɗauraye maganin da kyau, wanda kan ci kamar sa'a guda, aka kuma bi shi da seleniyam, maganin da ke kare azurfar, to zai ga jikoki. Gaggawa a ɗaurayar ita ce ke sa tsofaffin hotuna yin tabo ruwan ƙasa. Sama da shi a tsada akwai wankin ƙarfen filatinam, wanda William Willis ya yi wa rajista a Ingila a 1873. Da buroshi ake shafa maganin a takardar auduga, a ɗora nagatif a kai, a haska da rana ko fitilar ultrabayolet. Ba a faɗaɗawa, girman nagatif shi ne girman hoto, shi ya sa masu yin sa a yau suke buga babban nagatif a farar leda da firinta. Baƙinsa bai kai na azurfa zurfi ba, amma tsakanin fari da baƙi yana da hawa masu laushi da wuya a samu a wani wuri, kuma ƙarfen ba ya koɗewa, sai dai takardar ta riga shi lalacewa. Mai ɗaukar hoto Irving Penn na Amurka ya shafe shekaru yana sake wanke tsofaffin hotunansa ta wannan hanya. Ƙanin filatinam mai araha shi ne sayanotayif, mai launin shuɗi kamar baba, wanda John Herschel ya gano a 1842, Anna Atkins kuma ta fara yin littafin tsirran teku da shi a 1843. Abin dariyar shi ne, allin nan da yake kare sauran takardu daga asid, shi ne yake ɓata waɗannan biyun, don haka takarda marar alli ake nema musu, ko da wurin ajiya ne.

Bugu a farantin alminiyam, inda zafi na wajen digiri 200 yake mayar da rini tururi ya shige rufin farantin, yana da kyau ga wuri mai laima ko mai yawan hannaye, ana ma goge shi da tsumma. Ni dai ƙyallinsa yakan yi mini yawa, kamar hoton yana ɗaga murya. Wasu hanyoyin kuma sun tafi sun bar kewa: Kodak ya daina yin kayan wankin da ake ɗora rini hawa-hawa da hannu a 1994, wankin Cibachrome mai launi kamar wuta shi ma an daina yin sa a wajen 2012.

Shekara nawa zai yi?

In ka ga an rubuta cewa wanki zai kai shekara 100 ko 200, ba wanda ya zauna ya jira. Hasashe ne daga gwaji, inda ake gasa hoto da haske mai tsanani na ɗan lokaci sannan a yi lissafi. Cibiyar Henry Wilhelm da ke Amurka, wadda aka fi ambato a wannan fage, tana lissafinta ne a kan haske laks 450 (ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu) na sa'a 12 kullum, alhali gidajen adana kayan tarihi sukan rataye hotuna masu rauni a laks 50. Bangon da rana take bugawa kai tsaye kuwa ya ninka duka biyun nesa ba kusa ba. Kuma lambar ba ta tawada ce ita kaɗai ba, ta tawada kaza ce a kan takarda kaza. Sauya ɗaya, lissafi ya rushe. Galibi ma ba haske ne yake fara kashe hoto ba, firem ne: kwali mai asid a baya, salatif a kusurwa, ko hoto manne da gilashi har laima ta haɗe su. A sa kwali marar asid a tsakani don hoton ya sami iska, kuma a bar sabon wanki ya sha aƙalla kwana guda a buɗe kafin a rufe shi, in ba haka ba tururin tawadar zai yi hazo a cikin gilashin.

Saura tazarar da ke tsakanin allo da takarda. Kukan da aka fi yi shi ne hoto ya fito da duhu, kuma kusan kullum allon ne ya cika haske. Masu wanki sukan rage shi zuwa kandela 80 zuwa 120 a ma'aunin hasken allo, su duba hoton a fitila mai kelbin 5,000, wato mai launin hasken rana. Kowace takarda tana da furofayil ɗinta na ICC, ɗan fayil da ke gaya wa kwamfuta iyakar launin da wannan takarda za ta iya a wannan inji, kuma da shi za ka iya ganin kwatankwacin sakamakon a allo tun kafin a taɓa tawada. Da na yi haka da dattijona, da na ga fuskar ta nutse tun a gida. Girma ma lissafi ne mai sauƙi: kyamara mai fiksal miliyan 24, wato ɗige-ɗigen da suke haɗa hoto, tana ba da 6,000 a tsawo, 4,000 a faɗi, wanda a fiksal 300 kowane inci zai ba ka kimanin santimita 51 da 34. Za ka iya ninka wannan ba tare da fargaba ba, tunda babu mai kallon hoto mai mita guda da hancinsa a jiki. Duk da haka gani ya kori ji. Yanki wurin da ya fi wuya a hoton, inda duhu ya fi yawa ko inda fata take, a buga maka shi ƙarami a takarda biyu ko uku, ka manna a bangon da za a rataye shi, ka kwana biyu kana wucewa ta gabansu.

Girman da hanyar wankin suna iya sauya ma'anar hoto gaba ɗaya. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, ƙananan hotuna yake ba masu zuwa wurinsa, yawanci santimita 13 da 18, abin sa wa a aljihu ko aika wa dangi. A shekarun 1990 aka riƙa faɗaɗa nagatif ɗin nan har su wuce mita, da baƙi mai ƙarfi, aka rataye su a manyan zaurukan baje koli na Turai da Amurka. Mutanen ciki ba su sauya ba, amma abin da ake kallo ya zama wani abu daban. A kasuwa ma maganar takan kai gaban alƙali. Ba'amurken nan William Eggleston, wanda ya yi suna da wankin rini na hannu tun baje kolinsa na 1976, ya sake fito da wasu tsofaffin hotunansa a 2012, manya-manya, da tawadar gari, aka sayar da 36 a gwanjo kan dala miliyan 5.9. Wani mai tara hotunansa ya kai ƙara, yana cewa an rage darajar ƙananan da ya saya a matsayin masu ƙayyadadden adadi. A 2013 kotu ta kori ƙarar, bisa cewa sabon girma da sabuwar hanyar wanki sun sa ba abu ɗaya ba ne da na farko. Saboda haka mai sayarwa ya rubuta komai a bayan hoton ko a takardar shaida: sunan takarda, irin tawada ko hanyar wanki, girma, shekarar ɗauka da shekarar wanki, lambar wannan kwafi da jimillar da za a yi, da kuma ko akwai niyyar fito da shi a wani girman nan gaba. A takardar auduga da fensir mai laushi ake rubutawa, a gefe, ba tare da dannawa ba. Biro yakan huda ta ya fito ta gaba, a mai rufin leda kuwa fensir ba ya kamawa, sai alƙalami mai tawadar gari.